Tarihin Allon Shago a Maraɗi da Abin da Yake Koya wa Ƴaƴanmu

Wata rana ina duba littattafan ɗalibaina, sai na ga wata yarinya mai ƙoƙari ta rubuta sunan garinmu "Maradi", babu lanƙwasa a kan harafin ɗ. Na ja mata jan layi a ƙarƙashinsa. Da aka tashi, sai ta biyo ni da littafinta a hannu ta ce, "Malam, ai haka aka rubuta a tasha, kuma haka yake a jikin shagon babana." Na rasa abin da zan ce mata nan take, domin gaskiya ta faɗa. Ni sau biyu ko uku na rubuta kalmar a allon aji na goge. Titi kuwa kullum yana nuna mata nasa rubutun, safe da yamma, kuma ba mai gogewa.

Tun daga ranar na fara kallon allunan shaguna da idon malami. Na yi ta tambayar kaina yaushe aka fara kafa su a Maraɗi, da me ake yin su, kuma wa ke rubuta su. Abin da na fahimta shi ne, kayan da aka yi allo da su suna da tasiri a kan komai: su ke nuna wanda zai yi rubutun, da irin haruffan da za su hau, da yawan shekarun da yaro zai yi yana wucewa yana karantawa. Shi ya sa zancen katako da kwano da leda ya shafi malamai da iyaye kamar yadda ya shafi ƴan kasuwa.

Lokacin da kasuwa ba ta buƙatar allo

Maraɗi ta zama babban gari ne bayan faɗuwar Birnin Katsina a hannun masu jihadi a 1807. Sarakunan Haɓen Katsina suka yi gudun hijira arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsa a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri a kusa, ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi. Garuruwan nan biyu suna da kasuwa da fatake da masu sana'a tun farko, amma babu wanda ya rataya sunansa a ƙofa.

Dalili kuwa shi ne kasuwar Hausa tana da nata hanyoyin sanarwa. Na farko shi ne mazauni. Ƴan koli suna da layinsu, masu tukwane suna da nasu, haka masu hatsi da masu gishiri. Wanda ya shiga ya san inda zai dosa, wanda bai sani ba kuma dillali zai kai shi. Na biyu shi ne sauti. Kalangu na mahauta ne, idan aka ji shi an san an yi yanka. Ƙarar guduma a kan uwar maƙera tana nuna inda maƙeri yake, muryar ƴar talla kuma tana shiga har cikin gida. Na uku shi ne kayan aikin kansu: zabirar wanzami a kafaɗarsa, shuni a hannun marini, tulun mai ginin tukwane a jere a ƙasa. Ƙari a kan haka, sana'a gado ce, kuma gari ƙarami ne. Kowa ya san gidan Sarkin Pawa, kowa ya san gidan Sarkin Maƙera. Inda aka san mutum da ubansa da kakansa, sunansa ba ya buƙatar fenti.

Wannan bai nuna cewa mutanen wancan zamani ba su san rubutu ko ado a bango ba. Magina suna yin zane a goshin zaure da laka tun tana ɗanya, sannan su shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa kada ya cinye. Mai hali yana sa a yi masa zanko a saman soro da dagi a ƙofa, mai wucewa ya gane gidan wani ne. Rubutu kuma yana nan a makarantar allo, inda ake sassaƙa allo da ice mai ƙwari irin aduwa, a haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Amma rubutun allo na karatu ne, a wanke a sake. Kalmar da muke amfani da ita yau, wato "allon shago", daga can muka aro ta. Abin lura shi ne magina na dā sun san yanayin ƙasarsu sarai. Sun san hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas shi ake fi ba kulawa wajen yaɓe. Wannan ilimi yana nan da amfaninsa ga duk mai kafa allo yau.

Gyaɗa, kantuna da ambaliyar 1945

Abin da ya kawo rubutu a ƙofar wurin ciniki shi ne baƙunta. Bayan Ingila da Faransa sun shata iyaka a farkon ƙarni na 20, Maraɗi ta faɗa ɓangaren Faransa, Katsina da Kano kuma ɓangaren Ingila. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma sannu a hankali ya haura arewa har ƙasar Maraɗi. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna da wuraren awon gyaɗa, ƴan kasuwar Labanan ma suka zo. Waɗannan ba a san iyayensu a gari ba, don haka suka rubuta sunayensu a jikin gini, kamar yadda suka saba a ƙasashensu.

A Turai, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har tsakiyar na 20, allon talla mafi daraja shi ne farantin ƙarfe da aka narka wa ruwan gilashi a wuta, irin aikin kwanukan nan masu fure da iyayenmu mata ke jerawa a ɗaki. Rana ba ta cin launinsa, ruwa ba ya ratsa shi, sai dai idan an buge shi ya ɓantare. Amma a masana'antar waje ake yin sa, da harshen waje. Ƙaramin ɗan kasuwar Maraɗi ba shi da hanyar sa a yi masa irinsa. Tun daga nan aka samu wani rabo da ya daɗe yana bin mu: allo mai ƙarko na kamfani ne da hukuma, kuma da Faransanci yake magana.

Sai ga babban sauyi a 1945. Tsohon garin Maraɗi a cikin fadama yake, kusa da gulbi. A daminar shekarar Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya rushe gidaje masu yawa, hukumar mulkin mallaka ta mayar da garin bisa tudu. Aka shata sabon gari da tituna miƙaƙƙu masu faɗi, suna gicciye juna. Unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Limanci da Maraɗawa suka hau tudu da sunayensu, amma tsarin zama ya canja. A lungun tsohon gari mutum da ƙafa yake tafiya, yana gaisawa yana tambaya. A miƙaƙƙen titi kuwa kusurwa tana kama da kusurwa, mai keke ko mai mota yana wucewa da sauri, ba zai tsaya tambaya ba. Irin wannan titi shi ke neman allo. Ana iya cewa ruwan 1945 ne ya share wa allon shago fili a Maraɗi.

Zamanin mai fenti da buroshi

Bayan samun ƴancin kai a 1960, harkar kasuwa ta riƙa komawa hannun ƴan gari. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA don sayen gyaɗa. Da fari na farkon shekarun 1970 ya karya noman gyaɗa, manyan ƴan kasuwa suka juya ga cinikin ƙetare iyaka da Najeriya. Su ne alhazan da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, mai suna Les Alhazai de Maradi. Gari ya yi ta cika. Wajen 1960 mutanensa ba su kai 20,000 ba, amma ƙidayar 2012 ta samu fiye da 267,000. Unguwanni irin su Sabon Gari da Zariya da Ali Ɗan Tsoho suka bunƙasa, kuma mafi yawan mazaunansu baƙin juna ne. Tela da bakanike da mai hoto da mai aski da mai gyaran rediyo, kowa yana son a san inda yake.

A nan ne mai fenti ya samu sana'a. Kayan aikinsa kaɗan ne: gwangwanin fenti, buroshi, alli da zare na daidaita layi. Wurin rubutu kuwa iri uku ne, kowanne da halinsa.

Na farko bango. Idan na siminti ne aka yi masa fentin mai, rubutu yakan yi shekaru yana nan, iska ba ta ɗauke shi, ɓarawo ba ya cire shi. Idan farar ƙasa aka shafa, damina ɗaya ta isa ta wanke ta. Matsalar bango ita ce ɗan haya ba ya tashi da shi. Shi ya sa har yau za ka ga shagon sayar da siminti da hoton keken ɗinki a jikinsa, tela ya tashi ya bar aikinsa.

Na biyu katako. Yana da sauƙin samu wurin kafinta, fenti yana kama shi da kyau, kuma ana iya shigar da shi ciki da dare. Masu aski a duk Afirka ta Yamma sun shahara da irin wannan allo, wanda ake zana kawuna da salon aski iri-iri a kansa, wanda bai iya karatu ba ma ya nuna da yatsa. Amma ƙasarmu ba ta raga wa katako. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana tsaga shi. Katakon nan mai falle-falle da ake mannawa yana ɗayewa da zarar ruwa ya shiga gefensa. Idan kuma aka kafa ƙafarsa a ƙasa, gara ce za ta gaje shi, ko da an shafa masa baƙin mai.

Na uku ƙarfe. Masu ƙaramin ƙarfi sukan sa maƙeri ya fasa tsohon duro ya daddale shi, ko su yanki ragowar kwanon rufi. Masu hali kuma su je wurin mai walda ya yi musu faranti da firam da ƙafafu. Gara ba ta cin ƙarfe, amma tsatsa tana ci, kuma daga hujin ƙusa da bakin yanka take farawa. Gwanayen masu fenti sun san sirrin: baƙin ƙarfe sai an fara shafa masa jan fentin hana tsatsa kafin a yi rubutu. Sabon kwano kuwa, saboda tutiyar da aka lulluɓe shi da ita, ba ya riƙe fenti sai an kashe santsinsa, in ba haka ba rubutun ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Abin da ya haɗa waɗannan ukun shi ne hannun mutum. Mai fenti ɗan gari ne, ana tsaye kansa yana aiki, ana iya ce masa ya gyara. Buroshi kuma babu harafin da ya gagare shi. Zai iya rubuta boko, zai iya rubuta ajami ga mai magani ko mai sayar da littattafai, zai iya yi wa ƙ lanƙwasarta idan ya san da ita. Matsalar ita ce galibi bai sani ba, kuma wannan ma yana da tarihinsa.

Me ya sa titi ke rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci

Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko ne a shekarun 1930, ta hanyar aikin hukumar fassara da talifi ta Zariya a zamanin Rupert East, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su tun daga 1939. Wannan duk a ɓangaren Najeriya ne. A ɓangarenmu, makarantar mulkin mallaka Faransanci kawai take koyarwa. Wanda ya yi lakwal ya tashi rubuta Hausa, sai ya rubuta ta da kunnen Faransanci: "ou" a wurin u ko w, "ch" a wurin sh, "tch" a wurin c, "dj" a wurin j.

Sunayen garuruwan nan uku kansu shaida ne. Maraɗi ta rasa lanƙwasarta ta zama Maradi. Tsibiri ta zama Tibiri. Jiratawa ta zama Djiratawa, wani lokaci ma Djirataoua. Haka aka buga su a taswira da takardun hukuma da allunan hanya, mai fenti kuma ya kwafa. Daga nan ne muke ganin "Hankouri" a wurin haƙuri, da "chinkafa" a wurin shinkafa.

An yi ƙoƙarin gyara. Taron masana da UNESCO ta shirya a Bamako a 1966 ya tsara rubutun wasu harsunan yankin, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa da ake bi a Nijar, wadda ta yi daidai da ta Najeriya in ban da ƴan wurare, kamar harafin ƴ da su suke rubutawa 'y. Amma duk wannan aiki a cikin aji ya tsaya da azuzuwan yaƙi da jahilci. Ba wanda ya tara masu fenti ya koya musu. Sakamakon haka yaro yana koyon ƙa'ida ɗaya a makaranta, yana ganin wata a hanyar gida. Kuma lanƙwasar nan ma'ana take ɗauke da ita. "Gidan baki" daban, "gidan baƙi" daban. Wanda ya ce yana sayar da "kaya" bai ce ƙaya ba, haka "fada" da "faɗa", da "kasa" da "ƙasa".

Zuwan waya da ledar bana

Daga farkon shekarun 2000 fuskar titi ta sake canjawa. Kamfanin wayar salula na Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya zama Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Orange ta shigo a 2008, daga baya ta zama Zamani. Kamfanonin waya da na kayan miya irin su Maggi suka riƙa yi wa shaguna fenti kyauta da launinsu. Mai shago ya samu bango mai kyau ba tare da ya kashe ko dala ba, amma sunansa ya koma ƙarami a gefe, ko ya ɓace ɗungum. Duk lokacin da kamfani ya canja suna kuma sai a sake shafe bangon. Wanda ya kankare fentin wani tsohon shago a Maraɗi zai iya karanta tarihin kamfanonin waya falle bayan falle.

Bayan haka na'urar buga bana ta iso. Bana leda ce mai kauri da aka saƙa zare a cikinta, wasu na kiranta bash. Ana tsara rubutu a kwamfuta, na'ura ta fesa tawada, a karɓa ranar ko washegari. Dole a faɗi alherinta. Tana da araha, tana ɗaukar hoto kamar na gaske, ana naɗe ta a tafi da ita idan an tashi daga shago, kuma ta ba matasa da yawa aikin yi. Mai sayar da abinci da ba ta taɓa tunanin mallakar allo ba yanzu tana da nata, har da lambar waya.

Aibinta kuma a fili yake ga duk mai ido. Rana tana cin tawadarta, ja da rawaya ne ke fara koɗewa, har hoton kaza ya koma wani abu shuɗi-shuɗi. Ledar kanta tana bushewa ta yi tauri, iskar hunturu ta yi ta kaɗa ta, hadarin farkon damina ya yage ta daga inda aka buga ƙusa. Banar da ke fuskantar yamma, tana shan ranar la'asar, sau da yawa ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu da kyanta. Idan ta yage kuma ba ta ruɓewa. Takan ƙare a bola ko a magudanar ruwa, wani lokaci da Bisimilla ko sunan Allah a jikinta, abin da bai kamata mai shago ya manta da shi ba tun ranar da yake tsara rubutun.

Ta fuskar rubutu, bana ta zo da sabuwar matsala. Yawancin salon haruffa na ado da ke cikin kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ko mai shago ya kawo rubutunsa daidai, sai yaron da ke kan na'ura ya ga akwati ya fito a wurin harafin, ya goge ya sa d ko k. Akwai salon haruffa masu ɗauke da su, kuma wayoyin hannu ma yanzu suna rubuta su, amma sai wanda ya nema. Kuskuren buroshi ana gyara shi da ɗigon fenti. Kuskuren bana sai an sake bugawa da sabon kuɗi, don haka akan bar shi.

Akwai kuma alluna masu fitila a ciki, da na farantin alminiyom, waɗanda bankuna da wuraren aika kuɗi da manyan farmasi ke kafawa. Suna da kyau da ƙarko, amma suna da tsada, masu fitilar kuma rayuwarsu a hannun lantarki take. Mutanen Maraɗi sun ga haka lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar daga watan Agusta na 2023 zuwa farkon 2024. Allon da aka kashe wa kuɗi don ya haska da dare ya zauna cikin duhu kamar kowa.

Tsibiri da Jiratawa

Wanda ya fita daga Maraɗi kaɗan zai ga zamunan nan duka suna zaune tare. A Tsibiri, fadar Sarkin Gobir ba ta buƙatar a rubuta ko ta wace ce. Shagunan bakin babbar hanya kuwa, da ke neman matafiyin da ba zai daɗe ba, su ne ke da bana da farantin ƙarfe. Ka shiga cikin gari, sai rubutu ya riƙa raguwa, domin a can har yanzu an san gidan kowa.

A Jiratawa, kudu da Maraɗi, masu ginin tukwane suna nan kan tsohuwar hanya: tulu da randa a jere su ne allonsu. Masu zogale da kayan lambu na filin noman rani da aka gina a farkon shekarun 1980 su ma kayansu ke yi musu talla. Allunan da suka fi girma a irin waɗannan garuruwa na hukuma ne da na ayyukan raya karkara, na ƙarfe, da Faransanci, cike da gajerun sunaye. Wasu ayyukan sun ƙare tuntuni, allunan suna tsaye suna tsatsa. Yaron ƙauye da ba shi da littafi a gida, rubutun da ya fi daɗewa a gabansa shi ne wanda ba zai iya karantawa ba. Wanda aka yi da harshensa kuwa, in akwai, a kan leda yake ko da gawayi a bango.

Abin da ya rage gare mu

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da hukumomin Nijar suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan siyasar lamarin, akwai alamar rubutun Hausa zai ƙaru a tituna. Tambayar ita ce a kan me za a rubuta shi, kuma da wace ƙa'ida.

Ga iyayen da ke da shago, tarihin nan yana ba da shawara mai sauƙi. A raba abin da ke dawwama da abin da ke canjawa. Sunan shago da sana'a a sa su a kan abu mai ƙarko: bangon siminti da fentin mai idan shagon naka ne, ko farantin ƙarfe da aka yi wa fentin hana tsatsa idan haya kake. Farashi da sanarwar sallah da sabon kaya su ne na bana ko na allon alli. A duba inda shago ke fuskanta. Mai kallon yamma ya guji ja da rawaya, ya riƙe baƙi da fari ko shuɗi mai duhu. Mai kallon gabas ya ƙarfafa ɗauri, don daga can hadari ke zuwa. Farantin kwano da aka ɗaure da waya sama-sama makami ne a ranar iska, kuma yaran unguwa ne ke wasa a ƙarƙashinsa. A naɗe bakinsa, a ɗaure shi da kusoshi a firam, a ɗaga shi sama da kan mai wucewa. Kafin a biya kuɗi kuma a lissafa sau nawa za a sake bana cikin shekara biyar, a gwada da kuɗin ƙarfe sau ɗaya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kafin mai fenti ya tsoma buroshi, ko a danna na'ura, a kai rubutun wurin malamin da ya san ƙa'ida ya duba. Aikin minti biyar ne. A wurin buga bana kuma a nemi a ga rubutun a fuskar kwamfuta, a tabbata lanƙwasa ta fito. Idan salon haruffan ba shi da ita, a canja salo, kada a canja kalmar.

Mu malamai kuma muna da littafi kyauta a ƙofar makaranta. A fita da ɗalibai titi ɗaya, kowa ya kwafo alluna biyar. A dawo aji a ware na Hausa da na Faransanci da na Larabci, a nemo waɗanda aka rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, a sake rubuta su daidai. A tambaye su da me aka yi kowane allo, wanne ya koɗe, wanne ya yi tsatsa, kuma me ya sa. A darasi ɗaya an taɓa harshe da kimiyya da tarihin gari. A ja musu kunne kada su yi wa mai shago dariya, domin shi ma abin da ya gani ya kwafa. Makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin masu fenti da masu buga bana su ma suna buƙatar wanda zai zauna da su yini ɗaya ya nuna musu haruffan nan huɗu da inda ake samunsu.

Ita kuwa ɗalibata, na ce ta gaya wa babanta ina gaishe shi, kuma zan biyo. Da na je na tarar rubutun a bango yake, da shuɗin fenti. Muka gaisa, na yi masa bayani, ya yi dariya ya ce shekara goma sha yana zaune ƙarƙashinsa bai taɓa lura ba. Ya aiki yaro ya aro ragowar fenti wurin maƙwabcinsa, ya ɗora ƴarsa a kan benci, ita da kanta ta yi wa harafin lanƙwasarsa.